Idan Doki Ya Fara Gudun Hannunka da Hunturu

Da zarar iskar hunturu ta kankama, akwai ƙorafin da ake yawan ji a bakin masu dawaki, daga Sakkwato har Maiduguri, daga Zariya har Damagaram. Dokin da a damina yake miƙo kai da kansa a sa masa ragama, yanzu ko hannu aka ɗaga sai ya fizge, ya kwantar da kunnuwa, ya ja da baya har igiya ta ɗame. Yaron barga ya je wa maigida da magana: "Ranka ya daɗe, dokin nan fa ya sake hali, ko taɓa shi ba ya so a yi." Maigida ya ce ƙoshi ne, a rage masa hatsi. Wani ya ce gamo ya yi, a turara masa hayaƙi. Mai gajen haƙuri kuwa bulala yake ɗauka. Sau da yawa duk an yi kuskuren gano ciwon. Wuta ce take jan dokin, kuma tsakaninsa da hannun mai kula da shi take tashi.

Kowa ya san wutar nan. Ita ce take ɗan cizon yatsanka idan ka sauko daga mota ka kama ƙofa, ita ce shuɗin tartsatsin da kake gani cikin duhu idan ka yaye bargo da asuba, ita ce kuma ƙyas-ƙyas ɗin da suwaita ke yi ana cire ta. Asalinta gogayya. Duk sanda abu biyu da ba jinsinsu ɗaya ba suka gogu sannan suka rabu, ɗaya yakan kwashe wa ɗaya ƙwayoyin lantarki, kowannensu ya tashi da caji. Gashi, na mutum ne ko na dabba, yana cikin abubuwan da suka fi saurin bayarwa. Yadin roba irin su foliyesta da akirilik, da leda, da buhun taki, su ne gwanayen karɓa. Auduga kuwa tsaka-tsaki take, ba ta cika karɓa ba, ba ta cika bayarwa ba. A riƙe wannan da kyau, rabin maganin a nan yake.

To me ya sa ba a jin ta da damina, alhali gogayyar ba ta daina ba? Saboda laima. Idan iska na ɗauke da danshi, akwai wani siririn ruwa da ido ba ya gani da yake kwanciya a kan gashi da fata da tufa da ƙasa, cajin ya riƙa bin sa yana zurarewa tun bai taru ba. Kamar ruwan sama ne a kan soro: muddin indararo a buɗe yake, yana zuba yana wucewa, ranar da ya toshe, sai ruwan ya taru ya nemi hanya da ƙarfi. A watan Agusta laimar iskar Kano takan haura kashi 70 cikin 100. A Janairu da Fabrairu, lokacin da busasshiyar iskar arewa maso gabas ke kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, da rana tsaka takan faɗi ƙasa da kashi 20. Masu ƙera kayan lantarki, da yake wutar nan tana ƙona musu ƙananan na'urori, sun daɗe da auna bambancin: mutumin da ya taka kafet a iska mai laima sosai yakan tara kamar bolt 1,500, amma a iskar da laimarta ba ta wuce kashi 10 zuwa 20 ba yana iya tara har 35,000. Mutum kuwa ba ya fara jin cizon sai abin ya doshi 3,000.

Kada adadin ya firgita kowa. Ƙarfin turawar ne mai yawa, amma wutar kanta 'yar mitsitsiya ce, kafin ƙiftawar ido ta wuce. Ba ta ƙona doki, ba ta yi masa lahani a jiki. Haɗarin yana cikin abin da zai biyo baya. Dabbar da ta haura kilo 300, wadda Allah ya halitta da gudu kafin tunani, idan ta zabura a cikin ƙunci tana iya buge maka haƙora da kai, ta take maka ƙafa, ta matse ka da bango, ko ta yi harbi yaro na tsaye a bayanta.

Doki kuma ma'ajiyar caji ce ta gaske. Jikinsa duk gashi ne. Yana kaɗa wutsiya, yana birgima, yana goga wuya a turke, ƙurar hunturu na bugunsa yini guda. A ƙasa kuma yana tsaye kan busasshen kofato, kofaton kan busasshen yashi, babu ɗayansu da wuta ke bi cikin sauƙi. Cajin ya rasa mafita sai ka zo ka miƙa yatsa. Ina kuma muka saba fara miƙa shi? Hanci. Yana cikin wuraren da suka fi jijiyoyin ji a jikin doki. Idonsa ba ya ganin abin da ke dab da bakinsa, da leɓe da dogayen gashin nan na kewayen baki yake lalubawa; muhimmancinsu ya sa tun watan Yulin 2021 hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta hana shiga gasa da dokin da aka aske wa su. Ka ga ashe cizon da kai kake yarfe hannu ka manta, shi a tsakiyar fuska yake samun sa.

Abin da ya fi damuna a lamarin shi ne yadda doki ke ɗaukar darasi. Ba ya dogon lissafi. Abin da ya faru dab da zafin, shi yake ɗora wa laifi: hannu ya zo, zafi ya biyo. Sau biyu ko uku ya isa ya yanke hukunci. Idan kuma ya fizge ka bi shi da bulala ko ka finciki linzami, ka tabbatar masa da zarginsa ke nan, kuma tsoron zai zauna har bayan ruwa ya sauka. Dawaki da yawa da ake cewa ba sa son a taɓa musu kai ko kunne, ba haka aka haife su ba.

Gyara daga bargo yake farawa, domin shi ne babban mai laifi. Kafin ma a yi maganar wane iri, a tambayi kai ko dokin na bukatarsa. Mu ne muke rawar ɗari idan sanyin dare ya sauko zuwa digiri 12 ko 13, sai mu ɗauka shi ma haka yake ji. Lafiyayyen doki mai ƙiba daidai, wanda yake samun harawa isasshiya, ba ya wahala a irin wannan sanyin. Gashinsa yakan miƙe ya riƙe ɗumi, cikinsa kuma yana ba da zafi muddin yana narka ciyawa. Iska ce take cutar da shi. Zana biyu ko uku da aka kafa ta ɓangaren arewa da gabas sun fi masa bargo amfani. Waɗanda suke bukatar rufi su ne tsoho, da ramamme, da marar lafiya, da ɗan dukushi, da dawakin folo da aka rage wa gashi da injin aski, sai kuma na wurare irin Jos inda sanyin ya fi tsanani.

Idan rufin ya zama dole, abin da ke taɓa fata shi ne abin dubawa. Bargon gwanjo mai laushin nan mara nauyi, wanda ake samu da araha a kowace kasuwa, kusan duk foliyesta ne ko akirilik. Ka ɗora shi kan gashin doki tun magariba, yana motsi yana gogawa har asuba, ka haɗa masu bayarwa da masu karɓa ka bar su dare guda. Haka buhun taki da wasu ke farkewa su ɗinka, haka tamfol. Iyayenmu da suke rufa wa doki gwado ba su san wannan matsala sosai ba, domin gwado saƙar auduga ce. Wanda ya samu gwado ya huta. Wanda bai samu ba ya nemi tsohon zanen gado na auduga, ko atamfa ta gaske da ta sha wanki, ya fara shimfiɗawa, sannan ya ɗora bargon robar a sama. Idan kana shakkar yadi, zare ɗaya za ka ciro ka kusanta da ashana, nesa da barga: auduga takan ci ta bar toka mai laushi da warin ƙonanniyar takarda, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Bargon ulu na gaske ya fi na roba dama, tunda yana riƙe laima, amma idan iska ta bushe ƙarau shi ma yakan yi tartsatsi.

Cire bargon ma da yadda ake yi. Abin da aka saba shi ne a kama gefe a fizge shi gaba ɗaya ta kan kuturi, kuma babu hanyar da ta fi wannan tara caji. Ga yadda ya kamata. Ka tsaya a gefen kafaɗar hagu, ka yi masa magana ya san ka zo. Ka kwance maɗaurai duka. Ka zura tafin hannunka ɗaya ƙarƙashin bargon ka dafa wuya ko kafaɗa, fata da gashi, ka bar shi a nan. Da ɗaya hannun ka naɗo bargon daga gaba zuwa tsakiyar baya, ka naɗo na baya ya haɗu da shi, sannan ka ɗaga shi sama cak, kada ka ja shi a kan gashi. Hannun da ka dafa shi ne sirrin: muddin jikinka na haɗe da nasa, cajinku ɗaya ne, babu tazarar da tartsatsi zai tsallaka. Idan ka ɗauke hannun ka tafi rataye bargon, to ka dawo a matsayin sabon zuwa, sai ka sake sallama yadda zan faɗa yanzu. Ranar da iska ta yi tsanani har kana jin bargon na ƙara tun kafin ka ɗaga, ka ɗan fesa ruwa a ƙarƙashinsa ko ka shafa jiƙaƙƙen hannu a gashin kafin ka fara naɗewa.

Shawarar da aka fi bayarwa ita ce mutum ya taɓa ƙarfe kafin ya taɓa doki. Gaskiya ce, amma rabi. Taɓa ƙarfen da ke kafe a ƙasa, kamar bututun famfo ko ginshiƙin rumfa, yana sauke cajin da ke jikinka. In kana gudun cizon, ka riƙe makulli ka taɓa da bakinsa, tartsatsin zai tashi a makullin. Busasshen turken itace ba ya wannan aiki. Sai dai idan dokin ne ke ɗauke da cajin, ko ka sauke naka za a yi tartsatsi. Don haka taɓawar farko ita ce abin kiyayewa. Kada ta zama da kan yatsa, domin wuta ta fi son tsalle daga abu mai tsini. Kada ta zama a hanci, ko kunne, ko kusa da ido, ko ƙarƙashin ciki. Ka buɗe tafin hannu gaba ɗaya ka dafa kafaɗa kai tsaye, ba da ɗari-ɗari ba, inda fata ke da kauri kuma nama ya yi yawa. Mafi kyau ma a ce akwai ɗan tsumma mai danshi a hannun. Daga nan ka shafo wuya ba tare da ka ɗaga ba, har ka iso kai. Ragama da linzami ma haka: ka riga ka dafa shi, ƙarfen linzamin na cikin hannunka, sannan ya doshi baki. Yara masu son ba doki abu a hannu, a ce musu su haƙura har damina, su zuba masa a ƙwarya ko a daro.

Tsumman nan mai danshi, ni a wurina, ya fi duk wani abin da za a sayo. Tsohon tawul ne ƙarami, a tsoma a ruwa mai ɗumi, a matse shi sosai har ya daina ɗiga. A shafe dokin da shi daga wuya zuwa kuturi kafin buroshi ya taɓa shi. Za ka ga tawul ɗin ya yi ja da ƙura, ƙurar da buroshi kaɗai ba ya iya cirewa, domin gashi mai caji janyo ta yake yi. Kana gogewa tana tashi tana komawa, kai kuma kana ƙara masa caji da kowace gogawa. Ba jiƙa doki ake nufi ba, balle da sanyin asuba. Danshi ne kawai wanda zai bushe cikin 'yan mintoci. Buroshin ma a duba shi. Na roba mai tsinken leda shi ne ya cika kasuwa, kuma shi ya fi tayar da wuta. Mai gindin katako da gashin dabba ko zaren tsiro ya fi, in kuwa na robar ne kaɗai ke akwai, a riƙa tsoma bakinsa a ruwa ana yarfewa. Geza da wutsiya, idan ka ga silin gashin na tashi suna bin hannunka, ka ajiye matajin roba, ka jiƙa hannu ka warware da yatsu, kana tsaye a gefe ba a baya ba.

Ruwa zalla yana saurin bushewa a wannan iska. Mai son abin ya daɗe ya samu gorar feshi irin ta masu aski, ya zuba ruwa lita ɗaya, ya sa cokali ɗaya na gilisarin, wanda ake samu a kemis, ko na man laushin gashi da mata ke sawa bayan wanke kai, ya girgiza. Gilisarin yana riƙe danshi, shi ya sa yake aiki. A fara gwadawa a wuri kaɗan a kafaɗa a kwana, a ga ko fata za ta yi ƙuraje. Kada a cika shi, in ya yi yawa ƙura yake kamawa ya zama danƙo. Kada a sa inda sirdi da maɗaurinsa ke zama, santsi yake sawa, sirdi ya juya da mahayi. Fuska kuma ba a fesa mata, a tsumma ake sawa a shafa. Akwai dawakin da ƙarar feshin kanta ke firgita su. Irin waɗannan a fesa wa buroshin, a juya musu baya lokacin fesawa.

Ƙasan barga ma a yayyafa mata ruwa safe da yamma, musamman inda ake tsayar da shi a goge shi. Yana kwantar da ƙura, wadda dama take sa su tari, yana kuma buɗe wa cajin hanya ta kofato. Yayyafi na ce, ba kwarara ba. Idan ruwa ya haɗu da kashi da fitsari ya zama caɓi, ƙasan kofato ruɓewa yake, ka magance ƙaramar matsala ka sayo babba.

Wanka da garin sabulun wanki a daina shi, da hunturu ko ba da hunturu ba. An yi shi ne don ya cire maiƙo daga tufa, haka kuma yake kwashe man da fatar doki ke fitarwa, gashi ya bushe ya yi kaushi, ya fi ɗaukar caji. A rage yawan wankan, a yi shi da hantsi ko azahar da ruwa zalla, sabulu mai sauƙi sai in ya kama dole, a ɗauraye sosai. Ta ciki kuma, doki na shan lita 25 zuwa 40 a yini, wato jarka ɗaya zuwa biyu, amma idan ruwan ya kwana a waje ya yi sanyi ƙalau sai ya rage sha, ga busasshiyar harawa, abin da ke kawo ƙullewar ciki ke nan. A surka masa da ɗan ruwan zafi da safe, a ba shi gishiri kamar cokali biyu a dusa. Ɗan man gyaɗa a abinci yana gyara gashi, a fara da cokali ɗaya ko biyu a ƙara sannu a hankali. Wannan duk gyaran fata ne na makonni, kada a sa ran zai kashe tartsatsin gobe da safe.

Shi mai kula da dokin, yawanci rigar ƙwallo ce a jikinsa, da suwaitar gwanjo, da silifas ko takalmin taya. Daga sama har ƙasa roba. Rigar auduga a ciki da takalmi mai tafin fata suna rage abin ƙwarai. Tafiya ba takalmi kuwa, ko da tana sauke caji, ba a yin ta kusa da kofato. Hannun da ya bushe ya yi furu-furu a shafa masa man kaɗanya. Igiyar roba mai launi da ta kori ta rama da ta auduga a kasuwa, a ajiye ta wa guga.

Dokin da ya riga ya tsorata fa? Sai haƙuri, kuma sai an fara kawar da wutar, in ba haka ba duk lallashi banza ne. Kullum ka zo da tawul ɗinka mai danshi, ka fara daga kafaɗa, ka matso wuya har inda ka ga ya fara ɗaga kai ko ya ƙanƙame jiki, ka tsaya nan ka jira ya saki numfashi, sannan ka janye hannunka da kanka tun bai fizge ba. Gobe ka ƙara ɗan taƙi. Wani cikin kwana kaɗan yake sakin jiki, wani sai an yi makonni. Duk wanda ke taɓa dokin a gidan ya bi tsari ɗaya, don mutum guda mai gaggawa yana iya rushe aikin sati biyu.

Masu hawan Sallah su lura da kalanda. Ƙaramar Sallar 2025 a ƙarshen Maris ta faɗo, kuma kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11. In Allah ya kai mu 2030, a farkon Fabrairu za a yi ta, tsakiyar bushewar iska. Kayan adon doki na yanzu kuwa da yawansu ba irin na da ba ne, zaren roba ne da karammiskin roba da soso a ciki. A ɗinka musu shafi na auduga, ko a fara shimfiɗa farin ƙyalle kafin komai ya hau baya. Lokacin ɗaura kaya ne abin tsoro, doki a bushe, mutane sun kewaye shi, kowa na sauri. Bayan ya yi gumi wutar takan mutu da kanta. Dokin da aka ɗauko a babbar mota daga wani gari, ya sha iska da gogar tamfol a hanya, kafin a kama shi a dafa ƙarfen motar tukuna, a shafe shi da tsumma.

Akwai abu biyu da ba na so a ɗauke su da wasa. Na farko fetur. Tartsatsin da bai isa ya kunna harawa ba, yana iya kunna tururin fetur, kuma gidaje da yawa a rumfar doki ake ajiye janareta da jarkar mai, kusa da tarin harawar shekara. A raba su. Masu shafa wa dabba fetur ko kananzir don kashe kaska ko ƙwarƙwata su bari. Yana ƙona fata tun kafin a zo maganar gobara, ga magungunan da likitan dabbobi zai bayar.

Na biyu, ba kowane ja ne na gogayya ba, kuma ba kowace zabura ce ta wuta ba. Idan doki na noƙewa a wuri guda kullum, ko da tsumma mai danshi ka taɓa shi, a duba miki a baya, ko kaska a cikin kunne, ko ciwon haƙori, ko ido. Idan kuwa ka ga yana ƙin shan ruwa a wani kwano na musamman, ko yana ƙin taka wani wuri, ko ya ƙi wuce wata ƙofar ƙarfe, to a zargi wayar gida. Bambancin a fili yake. Ta gogayya sau ɗaya take cizo ta ƙare, ka sake taɓawa ba komai, kuma ruwa na kashe ta. Ta waya ba ta ƙarewa, duk sanda ka taɓa tana nan tana girgiza, ruwa kuma ƙara mata ƙarfi yake. Wannan tana kisa, kuma ta fi kashe doki a kan mutum, saboda tazarar da ke tsakanin ƙafafunsa na gaba da na baya tana sa wutar da ke yawo a ƙasa ta ratsa ta ƙirjinsa. A watan Fabrairun 2011, a filin sukuwa na Newbury a Ingila, dawaki biyu, Fenix Two da Marching Song, sun faɗi matattu ana zagayawa da su kafin tsere, saboda wata waya da ke binne a ƙarƙashin ciyawa tana zubar da wuta. Mutanen da ke riƙe da su a tsaye suka bar wurin.

Saboda haka kafin ka fara yayyafa ruwan da na ba da shawara, ka bi wayoyin bargarka da ido: wadda aka ja wa ƙwan fitila aka naɗe a ginshiƙin ƙarfe, wadda ɓera ya ci, wadda ta bi ta ƙasa zuwa injin rijiyar burtsatse, da mahaɗin da aka ɗaure da leda. Idan ka ji ja mai ɗorewa a ƙarfe ko a ruwa, kada ka sake gwadawa da hannu. Ka kashe wutar daga babban makunni, ka kashe janareta, ka fitar da dokin ta inda ƙasa take a bushe, ka kira mai gyaran wuta ya auna ya kuma duba wayar da ke sauke wuta ƙasa. Kada a mayar da doki wurin sai ya gama ya sake aunawa a gabanka, wuta a kunne.